Yadda nake gane ko kayan jikin tsohuwar bindiga mai liba na asali ne

Gidanmu a Bauchi gidan ƙira ne, kuma tun ina yaro maharba ke kawo wa mahaifina gyaran bindiga. Galibi ta toka ce, amma jefi-jefi akan shigo da irin ta Amurka mai liba a ƙarƙashi, wadda ake ja ƙasa a mayar sama harsashi ya hau. Bara wani Alhaji ya kawo min Winchester samfurin 1894 da ya gada daga kakansa, ya ce, "Malam, so nake ka goge min ita ta yi fes." Na ce, "Alhaji, don Allah kada ka bari samfefa ta taɓa ta." Tsufan nan da ke jikinta shi ne shaidarta.

Kafin komai, ja libar ka leƙa ciki, ka tabbata babu harsashi. Kada ka gwada harbi da ita, domin da yawansu don baƙin albarushi aka ƙera su. Sannan ko ta gado ce, doka ta ce sai da lasisi.

Fito da ita tsakar gida da hantsi, ka shimfiɗa farin zane ka ɗora ta. Abin da nake fara dubawa shi ne ko ƙarafunan sun tsufa tare. Bututu, uwar jiki, liba da kunama, idan shekara ɗari suka yi a haɗe, launinsu zai yi kusa da juna, kuma kodewar tana bin inda hannu ke kamawa. In ka ga liba baƙa wuluk alhali uwar jikin ta koma launin ƙasa, to baƙuwa ce.

Daga nan sai lambar da masana'anta ta buga wa bindigar. A Winchester samfurin 1873 tana kan harshen ƙarfen da ke bayan liba ta ƙasa, a 1892 da 1894 kuwa tana ƙasan uwar jiki ta gaba. Lambar ce ke nuna shekarar ƙira, ba sunan samfurin ba, kuma da shekarar za ka auna sauran. Kamfanin Winchester, wanda a lokacin yake garin New Haven na Amurka, ya soma buga tambarin WP cikin da'ira mai siffar ƙwai wajen 1905, a kan bututu da uwar jiki. Saboda haka in lamba ta ce an yi bindigar kafin lokacin, amma ga WP a bututu shi kaɗai, an canza bututun daga baya. In kuma harafin P kaɗai ka gani cikin irin wannan da'irar, bututun saye ne da aka yi odarsa daban. A 1873 akwai ƙarin hanya: girman harsashin da aka rubuta a bututu ya kamata ya dace da wanda ke kan tagullar da ke ɗaga harsashi a ƙasa.

Rubutun ma ka shafa shi da yatsa. Na masana'anta yana da zurfi da kaifin baki. Wanda aka goge aka sake wa launi, haruffansa sun dusashe, kusurwoyin ƙarfen sun zama dunƙulallu, ramukan sukurori sun yi kwari kamar ƙoƙo.

Katako shi ne inda na fi daɗewa, don a nan ƙasarmu shi ke fara mutuwa. Hunturu ya busar da shi ya tsage, gara ta samu rabonta, sai a kai wa kafinta ya sassaƙa wani da maɗaci. Na asali galibi na itacen da ake kira walnat ne, kuma yana zama cif da ƙarfe, har ya ɗan fi shi tudu kaɗan. Idan ƙarfen ne ya fi katakon tudu, an ci shi da samfefa. Idan akwai gibin da farce zai shiga, ko dai ya bushe ƙwarai ko kuma daga wata bindigar aka ciro shi. A tsofaffin 1873 da yawa akwai ƙaramar lambar haɗi da aka buga a gefen harshen ƙarfe, da cikin ramin katakon, da cikin farantin gindi, kuma ukun su zo ɗaya. Amma ganinsu sai an kwance, ni kuwa ba na yarda a sa sukundireban kasuwa a kan waɗannan sukurorin. Sai wanda bakinsa ya cika tsagar daidai, in ba haka ba ya yage ta.

Auna tsawon bututu ma. Gajeriyar 1894 ta mahaya galibi inci 20 ce, kuma bakin da aka datse da zarto ba ya ɓuya.

Wanda ke son tabbaci a rubuce, gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming yana riƙe da tsofaffin rajistocin Winchester. Ana aika musu samfuri da lamba, a biya kuɗi, su rubuto yadda bindigar ta fita daga masana'anta, in tana cikin shekarun da rajistar ta ƙunsa.

Ta Alhaji dai ƙarafunanta duk nata ne, ban da sukurori biyu da katakon gaba, wanda maɗaci ne. Na shafa mata ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi, na ce ya cire ta daga buhun leda ya rataye ta nesa da bangon da ke jan damshi da damina.