Yadda na gyara awon bargon ƙyallaye

Ƙyallayen atamfa sun taru a shagona a unguwar Nima da ke Accra, sai na ce bari in haɗa su in ɗinka wa jikata bargo. Na zaɓi manhajar zane ta Inkscape don kyauta ce, kuɗin EQ8, manhajar tsara bargon ƙyallaye, ya fi ƙarfin aljihuna. Na zana murabba'ai da masu kusurwa uku, aka buga mini a shagon kwamfuta, na yanka kwali, na hau keke.

Gefuna suka ƙi haɗuwa. Kwana biyu ina zargin almakashina.

Ashe tsarin da na kwaikwaya na Amurka ne, takardarsu inci 8.5 da 11, mu kuwa A4 muke da ita, wadda ta fi tsawo amma ba ta kai faɗi ba. Firinta ta matse zanen don ya shiga. Na maida shafin A4, na zana murabba'in inci ɗaya a gefe, na ce wa yaron shagon, "Ɗana, buga a kashi 100, kada ka rage komai." Na auna da tef, daidai.

Sannan na ƙara rubu'in inci na ɗinki a kowane gefe, wanda na manta tun farko.