An sace motar tsere a Garwa ko Marwa, arewacin Kamaru: yadda za ka bi da inshora

Mutane sun yi ta tambaya, to ga matakan bi da bi.

1. Ɗauko takardar inshorarka ka duba ko akwai sata a ciki. Inshorar dole, wadda jandarma ke nema a hanya, ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai take biya.

2. Je komisariya ko jandarmeri ka kai ƙara nan take. Iyakar Najeriya da ta Chadi ba nisa, ana iya tsallakar da motar.

3. Karɓi takardar shaidar ƙarar, da hatimi a kai.

4. Sanar da kamfanin inshora a rubuce.

Hattara: dokar inshora ta CIMA (ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka), wadda Kamaru da Chadi ke bi, awa 48 ta bayar a sanar da kamfani idan sata ce. Kiran dillalin inshora a waya bai wadatar ba. Kai wasiƙar da hannunka, a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata.

5. Haɗa katgiris (takardar rajistar mota), rasiɗin saye da takardun kwastan.

6. Miƙa wa kamfanin makullan duka biyu. Idan ɗaya ya ɓace, faɗi gaskiya tun yanzu.

7. Tara rasiɗan gareji, har na taya da fenti. Masanin kamfani zai yi wa motar kuɗi bisa darajarta ranar sata, ba abin da ka biya a Duwala ba, kuma motar tsere ba ta da irinta a kasuwar Garwa balle a gwada farashi.

8. Kada ka sa hannu a kan tayin da bai yi maka ba. Nemo naka masanin ya sake ƙiyasi.