Babi na Shida: Raba Ɗaki da Kuɗin Cizo

Darasi na 1: Gano maɓoyarsa

Iyayena da 'yan'uwana, kada kowa ya ji kunyar wannan darasi. Kuɗin cizo ba ruwansa da mai tsabta ko mai ƙazanta, jini kawai yake nema. Yakan shigo gida cikin akwatin yaron da ya dawo hutu daga makarantar kwana, ko cikin kayan gwanjo, ko tsohuwar katifar da aka sayo, a Sabon Gari ne ko a Tudun Wada.

Da rana ɓuya yake yi, da dare ya fito. Ku ɗauki tocila, ku ɗaga katifa, ku buɗe ɗinkin gefenta da yatsa. Ku leƙa mahaɗar katakon gado, da saƙar tabarma, da tsagewar bango. Abu uku kuke nema: ƙwaron kansa, faffaɗa mai launin ƙasa-ƙasa, ɗige-ɗige baƙaƙe, wato kashinsa, sai ƙwansa, fari, bai kai ƙwayar gero ba. Ku riƙe maganar ƙwan nan, za mu daɗe a kanta.

Darasi na 2: Ruwan zafi

Zafi ne ke kashe shi har da ƙwan. Ruwan da ya kai digiri 60 ya isa, amma tunda ba mu da ma'auni a gida, ku bari ya tafasa. Ruwan ɗumi irin na wanka ba ya yi.

Ku tattara zanin gado, rigar filo, bargo da gidan sauro, ku zuba a babbar leda tun a cikin ɗakin, ku ƙulle bakinta, sannan ku fita da ita. In kun rungumo kayan haka nan, kun yi wa kowane ɗaki rabo. A tsakar gida ku juye su a baho, ku kwara ruwan, yara su yi nisa. Katakon gado a kwance shi a kwara wa mahaɗarsa. Katifa kuma a goge ɗinkinta da burushi mai ƙarfi a waje, a shanya ta. Ranar bazara, Maris da Afrilu, tana taimakawa. Ta hunturu da hazo ba ta da ƙarfi. Shanya kaɗai dai ba ta gama aiki, don ƙwaron komawa yake ɓarin da ke inuwa.

Darasi na 3: A sake bayan kwana 7

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka ku karanta a hankali, ba laifi ku bi layin da yatsa.

Duk ƙoƙarinku, akwai ƙwan da ya tsira a wani lungu. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. 'Ya'yan kuma sai sun yi kamar sati biyar kafin su fara nasu ƙwan. Kun ga dabarar? In kuka kashe su kafin su girma, zuri'ar ta yanke. Shi ya sa ake sakewa.

Kwana 7 yana nufin haka: in kun yi aikin ranar Asabar, Asabar mai zuwa za ku sake. Ba sai an sake cizonku ba. Ku ɗauki biro ku zagaye ranar a kalanda, ku sauko kan lambar da ke ƙasanta daidai, ita ma ku zagaye. Ku yi haka har zagaye shida. Wanda lambobi ke yi masa wuya har yanzu, ya ja layi shida a bango da gawayi, duk Asabar ya goge ɗaya. Za ku iya, wanda ya iya lissafin zubin adashi wannan ba zai gagare shi ba.

Me ake sakewa? Duka. Dubawa da tocila, leda, ruwan zafi, burushi. Ba rabi ba.

Na gaji da jin "Malam, mun yi amma ya dawo." Baba, bai dawo ba, dama bai tafi ba. Hajiya, barci mai daɗi na dare uku ba shaida ba ce, ƙwaron nan yana iya yin watanni bai sha jini ba. Kun ɗora tukunya sau ɗaya kun ce an gama, sannan ku ɗora wa maƙwabta laifi. Asabar ta zagayo, a sake. Ta kuma zagayowa, a sake.

Darasi na 4: Magani

Kada ku fesa fiya-fiya ko Sniper a wurin kwana. Na gona ne, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake ko masara, iskarta tana kashe mutum cikin barci. Kananzir kuma gobara ne. In za ku sayi magani, ya zama na gida mai lambar NAFDAC, a karanta muku takardarsa. Yawancinsu ba sa kashe ƙwai, shi ma sai an sake. Wanda ya shaƙi magani ya fara amai ko numfashi da ƙyar, a fito da shi iska a garzaya asibitin Shika ko na Gambo Sawaba da ke Zariya, a tafi da kwalbar.

Darasi na 5: Cizon

A wanke da sabulu, a daina susa. In ya yi ruwa, a je asibiti.

Darasi na 6: Aikin gida

Ku toshe tsagewar bango da siminti, ku janye gado daga jikin bango. Ku zo aji na gaba da kalandarku in ga zagayen.