Yadda Za Ka Zaɓi Ƙaramar Laftof Mai Ƙarfi Da Batirin Da Zai Wuni

Mai neman irin wannan kwamfuta abu uku yake so a lokaci guda: ta zama ƙarama, ta yi ƙarfi, batirinta kuma ya kai shi yamma. Ukun nan kuwa zaman kishiyoyi suke yi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in mai ƙarfi ce tana shan wuta, wutar da ta sha zafi take komawa, zafin yana buƙatar fanka da hanyar fita, ga shi siririn jiki ba shi da wurin babban batir balle manyan fankoki. Saboda haka kafin ka dubi sunan kamfani, ka fara koyon lissafin wutar.

Girman batir da Wh ake auna shi, wato wat nawa zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya. Ka raba wannan adadi da wutar da kwamfutar ke sha, sai ka sami awannin da za ta yi. Batir mai Wh 60 a kwamfutar da ke shan wat 6 wajen rubutu da shiga intanet zai yi awa 10. Ka ɗora mata tace bidiyo ta koma shan wat 30, awa biyu ya ƙare. Yawancin masu allon inci 13 da 14 suna zuwa da Wh 50 zuwa 75, kuma in dai tsawon caji ne damuwarka, kada ka sauka ƙasa da 55. Sama kuma akwai iyaka: ƙa'idar jiragen sama ba ta barin a shiga da batirin da ya wuce Wh 100 sai da izini, shi ya sa ko manyan laftof suke tsayawa a 99 da ɗoriya.

Idan aka rubuta maka girman batir da ɗaya ma'aunin, mAh, kawai, to ba a gaya maka komai ba tukuna, sai ka san bolt ɗinsa. Batir mai mAh 5,000 a bolt 7.7 Wh 38 ne da rabi, amma a bolt 11.55 ya kusa Wh 58. Lamba ɗaya, bambancin awanni.

Alƙawarin awa 18 ko 20 da ke jikin kwali ba ƙarya ba ne kai tsaye, sai dai yawanci da kunna bidiyo ake gwadawa, an rage hasken allo, aikin da furosesa kusan barci take yi a cikinsa. Nemi gwajin masu zaman kansu da suka faɗi hasken da suka sa da aikin da suka yi. In babu, ka zabge kashi ɗaya cikin uku na abin da kamfani ya faɗa, ka yi shirinka a kan ragowar.

Furosesa ce inda aka fi yin kuskure, domin mutane i7 ko Ryzen 7 suke kallo, su bar harafin da ke ƙarshen lambar, alhali shi ne mai maganar. A furosesoshin kamfanonin Intel da AMD, U na nufin mai tsimin wuta, kusan wat 15. H tana tsakanin wat 28 da 45. HX daga 55 take farawa, kuma tana iya haura 100 idan aiki ya yi nauyi, ba ta da abin yi a cikin siririyar kwamfuta. Idan aka cusa H a jikin da bai iya fitar da zafinta, za ta yi gudu na minti biyu ko uku, ta ɗau zafi, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace. Ka biya kuɗin doki ke nan, ka koma gida da jaki. Don haka ka duba sakamakon gwajin da aka yi na minti 10 zuwa 30 a jere, ba na ɗan taƙi ba.

Tun da Apple ta fito da furosesarta M1 a ƙarshen 2020, furosesoshi masu tsarin ARM, irin na wayar hannu, suka nuna cewa ana iya samun ƙarfi da ƙarancin wuta tare. MacBook Air ko fanka ba ta da shi, shiru take, sai dai ita ma tana sassautawa idan aiki mai nauyi ya daɗe. A ɓangaren Windows akwai furosesar Snapdragon X, ita ma mai tsarin ARM, da ta fito a 2024, batirin kwamfutocinta na daɗewa ƙwarai, amma tsofaffin manhajoji ta hanyar kwaikwayo take tafiyar da su. Wasu wasanni, da manhajojin da ke tafiyar da tsofaffin firintoci, da wasu manhajojin sana'a ba sa tashi sam. Rubuta manhajoji biyar da ba ka iya aiki sai da su, ka tabbatar kowacce tana aiki, sannan ka saya. Wanda ba ya son wannan ciwon kai ya dubi Core Ultra na Intel mai harafin V ko Ryzen na AMD na baya-bayan nan.

Katin hoto na daban, irin GeForce RTX, sai mai zanen 3D ko tace bidiyo mai nauyi ko wasa. In ba ka cikinsu, ƙarin nauyi ne da zafi kawai.

A aikin yau da kullum allo na cikin manyan masu shanye batir. Mai ɗigo 1920 da 1200 ya wadatar a inci 14, tsarin faɗi da tsayi na 16:10 kuma yana nuna layuka fiye da 16:9. Allon 4K a wannan girma ido da ƙyar yake ganin bambancinsa, batir kuwa yana ji a jikinsa. Allo irin OLED launinsa ba a magana, amma kowane ɗigo da kansa yake haske, saboda haka farin shafi ya fi baƙi cin wuta, kuma mai wuni a kan takardu shi zai fi jin asarar. Idan allon na 120Hz ne, wato yana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ka tabbatar ana iya mayar da shi 60. Mai aiki a waje ya nemi allo mai haske nit 400 ko fiye, nit shi ne ma'aunin hasken allo.

RAM kuwa, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, ka saya isasshe tun ranar farko, domin a yawancin siraran kwamfutoci like yake da babban faifan cikin kwamfutar, ba a ƙarawa. GB 16 ne mafi ƙaranci, 32 ga mai rubuta manhaja ko tace bidiyo. Ma'adana ta SSD mai GB 512 ta isa farawa, kuma idan irin M.2 ce, wadda ake sokawa a cire, ana iya musanya ta daga baya. Ta MacBook na zamani ba a cirewa.

Nauyi tsakanin kilo 1.1 da 1.4 shi ne daidai. Waɗanda ba su kai kilo ɗaya ba sau da yawa daga batir aka rage. Ka haɗa da nauyin caja a lissafi: wadda ke caji ta USB-C ƙaramar caja mai wat 65 ta ishe ta, har wayarka ta samu. Sai dai ba kowace kafar USB-C ce ke karɓar caji ba, kuma igiyar da ba a yi ta don amfiya 5 ba ba ta wuce wat 60.

Idan ta hannu za ka saya, buɗe wurin rubuta umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai lamba biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. In na yanzu ya gaza kashi 80 cikin 100 na asali, ka sa kuɗin sabon batir a cinikin. A Mac adadin zagayen caji ake dubawa cikin bayanan na'ura, kuma Apple ta ƙiyasta wa batiran MacBook na zamani zagaye 1,000. Sannan ka aza kwamfutar a kan tebur mai santsi ka danna kusurwoyinta. Idan tana rawa, ko faifan da ake shafawa da yatsa ya ɗago yana wuyar dannawa, batirin ya kumbura, kada a ƙara sa masa caji sai an canja shi.

Bayan ka saya, duba ko tana da saitin tsayar da caji a kashi 80. Batirin litiyam zafi da daɗewa a cike ne suke tsufar da shi, don haka ranakun da za ka wuni kusa da soket ka kunna saitin, daren da za ka yi tafiya ka kashe shi ta cika 100.