Yadda za ka toshe kafar da masu kutse ke bi su tsallake shingen burauza

Chrome da Firefox suna killace shafukan intanet a cikin wani shinge da ake kira sandbox, ta yadda ko shafi na ɗauke da mugun abu, ba zai kai ga fayilolinka ba. Masu kutse kan haɗa kafa biyu, wato kurakurai biyu a cikin manhajar burauzar: ta farko ta ba su iko a cikin shingen, ta biyu ta fitar da su zuwa cikin kwamfutar. A watan Maris 2025 masanan kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky suka gano irin ta biyun, wadda aka yi wa lamba CVE-2025-2783, a wani sashen Chrome mai suna Mojo a kan Windows. Danna mahaɗin da ya zo a imel kaɗai ya isa, ba sai an sauke komai ba.

Maganin shi ne sabuntawa. Rubuta chrome://settings/help a gurbin adireshi. Burauzar za ta nemo sabon zubi da kanta, kuma wannan gyaran ya fara ne daga 134.0.6998.177. A nan ne mutane da yawa ke yin sakaci: gyaran yakan sauka, amma ba ya aiki sai an danna Relaunch. Mai barin shafuka a buɗe na makonni yana kan tsohon zubi ne bai sani ba. Rufe taga ma ba lallai ya wadatar ba, domin Chrome na iya ci gaba da aiki a ɓoye. Rubuta chrome://restart, shafukanka za su dawo, ban da na Incognito.

Daga nan buɗe chrome://version ka duba lambar, sannan ka karanta layin Command Line. Idan ka ga --no-sandbox, to shingen a kashe yake gaba ɗaya. Goge shi daga saitin gajeriyar hanyar (shortcut) da kake dannawa ka buɗe burauzar, ka kuma binciki abin da ya sa shi a wurin.

Edge, Brave da Opera duk a kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kai, aka gina su, kowacce sai an sabunta ta daban. Firefox ta toshe makamanciyar kafar a zubi na 136.0.4.

Mai Windows 7 ko 8.1 kuwa, Chrome ta tsaya masa a zubi na 109, gyaran ba zai taɓa zuwa ba. Kada ya shiga banki ko imel da ita har sai ya sauya tsarin kwamfutar.