Yadda na gyara AC ɗin da ya ƙi sanyi alhali gas bai ƙare ba

Mota ce mai AC na atomatik: fanka tana hurawa, amma kwamfaresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC, ba ta kamawa. A Jos ba a cika kunna AC lokacin hunturu ba, sai zafin Maris ya shigo ake gane irin wannan matsala.

Kafin a ce a ƙara gas, na sa gejin auna matsin gas alhali injin mota yana kashe. Gas ɗin nau'in R134a ne, gejin ya nuna matsi kusan psi 95, daidai da yadda ya kamata a zafin ranar, wato gas bai ƙare ba. Fiyus da rile (makunnin lantarki na kwamfaresa) lafiya lau.

Allon mota ne ya tona asiri: zafin waje digiri -40. Na'urar auna zafin waje tana bayan bamba, gaban kondensa (lagireton AC), wayarta biyu ce kawai. Juriyarta ga wutar lantarki tana ƙaruwa ne idan sanyi ya ƙaru, don haka in waya ɗaya ta tsinke wuta ta daina wucewa, kwamfutar AC sai ta ɗauka ana tsananin sanyi, ta hana kwamfaresa aiki. Na cire soket na auna da mita. Ita na'urar ƙalau take, juriyarta kusan kilo-om 1.7 a digiri 25. Amma a soket babu volt 5 ɗin da ya kamata ya iso. Wayar ta gogi ƙarfe har ta yanke a cikin robarta, ga tsatsa kore a bakin soket, aikin ruwan wankin mota.

Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na haɗa da dalma, na rufe, na ɗaure nesa da ƙarfen. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya kai damina.

Lambar allon ba ta gyaruwa nan take a wasu motocin, sai an ɗan yi tafiya.