Neman mastar kan ilimin cimaka daga Damagaram

Ƙannena da suka gama lisans, in kuna son ɗorawa da mastar kan abinci mai gina jiki, tun kafin a buɗe karɓar dosiye ake fara shiri. A tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) lisans shekara 3 ce, mastar 2. Kuma fagen ba na likitoci kaɗai ba ne. Mai lisans a biyoloji, aikin noma ko kiwon lafiya yana iya nema, ko daga Jami'ar André Salifou ta nan gida ya fito, ko daga Abdou Moumouni ta Yamai.

Takardun da aka saba nema kun san su: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kwafin bak da na lisans masu hatimi, hotuna. Wadda ke ba mutane wahala ita ce takardar makin kowace shekara. Ku karɓo ta tun kuna makaranta, don in kun bar gari, neman ta sai ya cinye muku lokacin ajiye dosiye. Wanda ya kai 12 bisa 20 ya fi samun natsuwa, amma ku lura da makinku na biyoshimi da ƙididdiga, don a kansu karatun yake tsaye.

Inda nake so ku ɓata lokaci shi ne wasiƙar bayyana dalili. Kowa "ina son taimaka wa al'umma" yake rubutawa, har mai karantawa ya gaji. Ku nemi aikin koyon sana'a a CRENI, wato cibiyar da ake kwantar da yara masu tamowa, ko wata likita ta karkara, ku riƙe ma'aunin dantse da hannunku, ku ga yaron da kaurin dantsensa bai kai milimita 115 ba, wato tamowa mai tsanani. Ku lura yadda gadaje ke cika da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin sauro kuma ya taso. Daga nan tambayar bincikenku za ta fito, ko da kan kunun geron da ake yaye yara da shi ne. Ni a ganina wannan ya fi kowane ado na Faransanci.

Mai son fita waje ya duba IRSP, cibiyar nazarin lafiyar al'umma ta Ouidah a Benin, ko sashen cimaka na Jami'ar Ibadan. Najeriya kam da Ingilishi ake karatu, sai an fassara takardu. Batun tallafin karatu kuma, ku tuntuɓi ANAB, hukumar ƙasa mai kula da tallafin ɗalibai, da wuri.